Jegon Munira da Jarirai Biyu

Munira ita ce autar gidanmu a Zangon Sokode, kuma a cikinmu mu shida ita kaɗai boko ya karɓa. Mu sauran da ƙyar muka ga ƙarshen firamare, wasunmu ma ta taga suka fita. Ita kuwa har kolej ta yi, shekara huɗu cur. Faransanci a bakinta kamar ruwa, Hausa kuma tana karanta ta a waya, da ɗan yatsa ɗaya tana ta turawa sama. Yarinya ce mai hankali, mai tsafta, ga fara'a, wallahi ba don ƙanwata ba ce. Aibinta ɗaya ne tun tana ƙarama: in ta ji labari, sai ta kwashi kayanta ta tare a cikinsa. Tana shekara bakwai aka ba mu labarin wani dodo da ke zaune a rijiya. Wata guda Munira ba ta jefa guga ba sai ta yi sallama tukuna, ta jira ko za a amsa.

Da ta bar makaranta ta koyi ɗinki wajen wata Madam a bakin babbar kasuwa. Can Jabiru ya gan ta. Jabiru ɗan Dapaong ne, mai fataucin shanu. Ya zo Sokode da kaya, wani bijimi ya kama masa riga da ƙaho ya farke ta daga wuya har ƙasa. Ya shigo shago yana riƙe da rigar da hannu biyu kamar mai jin sanyi, Munira ta ɗinke masa. Bayan mako biyu ya dawo da wata rigar a yage, ya ce bijimi ne. Ya sake dawowa da ta uku. A ta huɗu Munira ta duba yagar da kyau ta ce masa, "Malam, wannan bijimin naka da almakashi yake yawo?" Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura aure.

Dapaong kuwa akwai nisa. Sai ka wuce Bafilo, ka wuce Kara, ka wuce Mango, ƙugunka ya mutu ya farfaɗo, sannan ka isa. Jabiru kullum yana kasuwar shanu, yau nan, gobe Sinkase. Munira daga ita sai keken ɗinki. Wata maƙwabciyarta ce ta ji tausayinta ta sa ta a wani guruf na mata a waya, inda ake turo littattafai, wasu a rubuce, wasu kuma wata mata ce ke karantawa ana saurare. Akwai na soyayya, akwai na aljanu, duk Munira ta tsallake. Waɗanda suka kama ta su ne na masu jego.

Ga yadda suke. Mace ta haihu lafiya, an dawo gida, wata rana ta leƙa fuskar jaririnta ta ga kamar ba shi ba ne. Ta faɗa wa miji, ya ce gajiya ce. Ta faɗa wa uwarta, ta ce ki sha kunu ki kwanta. Ta ajiye abu a nan ta same shi a can. Kowa na yi mata murmushi, kowa na ce mata ta huta, har ita da kanta ta fara tunanin ko kanta ne ya taɓu. Sai can ƙarshe a gane ashe gaskiyarta ce, kuma na cikin gida ne ya shirya komai. Munira ta ce daɗin littafin shi ne ba ka sanin wa za ka yarda da shi, gabanka na faɗuwa amma ka kasa ajiyewa. Ta karanta na Hausa, ta karanta na Faransanci, har ta taɓa ɗinka wa wata mata hannun riga a wuya saboda an kai wajen da mai jego take buɗe akwatin mijinta.

Duk wannan da ciki take karantawa. Mun hana, ba ta ji ba.

Da cikin ya kai wata bakwai aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Wata Talata da hantsi ta sauka lafiya a asibiti. Mace, jajir, gashi cike da kai. Kai, ranar! Ni kaina sai da na kai bakin titi ina guɗa sannan na ga takalmin da ke ƙafata ɗaya nawa ne, ɗaya na Mma, mahaifiyarmu. Ranar suna aka sa mata sunan uwar Jabiru, Hajiya Mu'minatu, aka ce a riƙa kiranta Ummi.

To, a nan ne aikin yake. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta zuba mata ido ana kallo. In an miƙo mata ta shayar, sai ta karɓa tana kallon bango kamar wadda aka ba ajiya. Wasu gidajen sun saki wannan, amma Mma tana riƙe da shi gam, Kaka Mairo kuwa, uwar Mma, ita ce ma sojan abin. Ga kuma sunan suruka a kan yarinyar, kunya ta zama biyu. Saboda haka Munira ko Ummin ma ba ta cewa, sai "yarinyar nan". Makon farko ɗaki cike da 'yan barka daga safe har yamma. Munira ta yi ta kallon bango har ta haddace tsagar da ke jikinsa, amma fuskar 'yarta ba ta haddace ba.

A cikin gidan namu akwai 'yan haya, Talle mahauci da matarsa Mairama. Kwana uku bayan Munira, Mairama ita ma ta haihu, mace, aka sa mata Anisa. Mairama ba ta da kowa a Sokode, danginta duk suna Pagala, sai Kaka Mairo ta ce ita za ta riƙa yi wa jariran biyu wanka, wuta ɗaya, tukunya ɗaya. Kaka ta wanke jarirai sun fi ɗari a Zango, hannunta ba ya rawa. Idonta ne dai ya ɗan yi hazo. An yi mata tabarau tun bara, ta ce yana sa ta yi kama da direban tirela, ta jefa shi cikin kwalla.

Bayan suna aka aske kawunan biyu tas, aka rambaɗa musu kwalli. Riguna kuwa laifin Munira ne da kanta. Tun tana da ciki ta ɗinka ƙananan riguna goma sha biyu da atamfa ɗaya mai zanen kifi, da Mairama ta haihu ta raba ta ba ta shida. In ka ga jariran a tabarma, kamar ƙwai biyu a kwano.

Ranar kwana goma sha biyu da safe, Munira ta fito daga wankan jego, jikinta na turiri, ganyen darbejiya manne a wuyanta, ta zauna a bakin ƙofa da kwanon kunun kanwa. Ta gefen ido ta ga Kaka ta gama wanka, ta shimfiɗe jariran a tabarma ɗaya, ta shiga ɗaki neman hoda. Da ta dawo ta tsaya a kansu. Ta dubi wannan. Ta dubi waccan. Ta sake duban wannan. Sai ta ce, "Bismillahi," ta sunkuya ta ɗauki ɗaya ta kawo wa Munira.

Munira ta ajiye kwanon kunu. Wanda ya san abin da zai ɗauka, me zai sa ya tsaya dubawa har sau uku? Ta karɓi yarinya tana kallon bango. Saura kwana ashirin da takwas a yi arba'in a mayar da ita Dapaong. In 'yar Talle mahauci ce ta kwasa ta tafi da ita can, ta raine ta, ta yaye ta, ta aurar da ita, tata kuma ta tashi a nan tana kiran Mairama uwa, wa zai taɓa sani?

Ta jira har Mma ta shigo shara ita kaɗai.

"Mma, yarinyar nan... ita ce kuwa?"

"Wace yarinya?"

"Wannan ɗin. Ita ce ta jiya?"

Mma ta ajiye tsintsiya ta dube ta. "A'a, ta jibi ce. Ke, gajiya ce ke damunki. Shanye kunun nan ki kwanta."

Munira ta dubi kwanon kunun. Abin da uwar ta faɗa a littafi ke nan, har da kunun.

Daga ranar aka buɗe bincike a gidanmu, mu ba mu da labari. Munira ta lura a littattafan nan duk mai jegon da ta tsira, alama ta sa wa jaririnta a ɓoye. Ta samu lalle ta ɗiga a tafin ƙafar yarinyar na hagu, ɗan ɗigo kamar ƙwayar dawa. Washegari wajen wanka Kaka ta shafo shi ta kai kusa da ido. "Iye! Wa ya yi wannan dabara? Ya yi kyau." Ta sa aka kwaɓo lalle ta ɗiga wa ɗayar ita ma, a ƙafar hagu, don kada a ce ta nuna bambanci tsakanin ta gida da 'yar haya.

Munira ta ciro jan zare daga kayan ɗinkinta ta ɗaura wa yarinyar a wuyan hannu. Kafin la'asar Mairama ta leƙo. "Munira, wannan na maganin baki ne? Ke da kika yi boko kin san abubuwa. Sam mini saura." Munira ta miƙa mata zaren. Sai ta shafa wa yarinyar turaren da Jabiru ya sayo mata a Sinkase, ta ce wannan kam babu irinsa a Sokode. Kaka ta ji ƙamshi ta karɓe kwalbar, ta shafa wa jariran biyu, ta shafa wa kanta, har akuyar gida ta samu rabonta da ta zo wucewa.

Duk alamar da ta sa, kafin rana ta faɗi an kwafe. A wajen Munira wannan abu ɗaya yake nufi: akwai mai bin sawunta. Ta fara jera mutanen gida a zuciyarta. Kaka ita ce mai aikatawa. Mma tana rufa wa uwarta asiri. Mairama ta cika shigowa ba sallama. Talle kullum da wuƙa, ko da yake sana'arsa ce. Ni ma ban tsira ba, wai me ya sa kullum nake cewa a ba ni yarinyar in ɗauka. Wata rana ta ajiye wayarta a kan filo ta same ta a kan akwati, ta yini ba ta yi wa kowa magana ba. Ashe Mma ce ta ɗauke don ta kakkaɓe shimfiɗa.

Da abin ya ishe ta, ta kira Jabiru da rana tsaka. Yana tsakiyar kasuwa, shanu na kuka a bayansa. Ta ja zane ta rufe kanta tana raɗa.

"Maigida, saurare ni da kyau. Ina jin an sauya yarinyar nan."

"An sauya mata me? Riga?"

"Ita ɗin aka sauya. Da ta Mairama."

"Wa ya sauya?"

"Ban gama ganowa ba."

Ana jin wani a bayansa yana ihu a ja igiya. Jabiru ya ce, "Munira, wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Ni saniyata in ta haihu, ko cikin garke ɗari ka jefa maraƙin sai ta gane shi. Shinshinawa take yi. Ki shinshina."

"Ni ce saniyar?"

"Ban ce ke ce ba. Na ce ki yi yadda take yi."

Ta kashe wayar. A littafi ma haka mazan suke, ba sa ɗaukar magana da muhimmanci. Amma da ta duba ta ga ba kowa, ta sunkuya ta sa hanci a kan yarinyar ta ja numfashi. Ta sake ja. A na uku Mma ta ɗaga labule.

"Lafiya? Cinye ta za ki yi?"

"Ƙuda nake kore mata."

"Da hanci?"

Daga nan ta koma binciken ɓoye. Tana da ɗan madubin da take nuna wa mata bayan rigarsu da shi a shago. Sai ta jingina shi a jikin akwati, ta yadda in tana shayarwa fuskarta na bango, idonta na cikin madubi, madubi kuma na kan yarinya. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Kaka har cewa ta yi, "Ku dubi kunya irin ta mutanen da, ko ƙyalla ido ba ta yi wa 'yar nan." Alhali kuwa babu jaririyar da aka taɓa kallo a Zango kamar wannan. Ta kuma huda labule da tsinin almakashi, kullum lokacin wanka idonta na wajen, ba fashi. Ta san yadda yarinyar take hamma. Ta san ba ta yin atishawa ɗaya, sai biyu. Ta san kukan yunwa da kukan fitsari da kukan neman rigima kawai. Har ta ɗan rame, duk da naman da Talle yake aiko mata, wanda sai ta juya shi sau biyu kafin ta ci.

Ana gobe arba'in Hajiya Mu'minatu ta iso daga Dapaong ɗaukar takwararta. Doguwar mace ce mai sayar da wagashi, wato cukun nonon shanu, ba ta da yawan magana, irin surukar da in ta yi gyaran murya sai ka gyara zama. Munira in ta gan ta ko kai ba ta ɗagawa, daga durƙuso sai "Na'am, Hajiya."

Safiyar tafiya gida ya hargitse. Ana ɗaure doya, ana ɗaure garin rogo, ana neman inda aka sa yajin jego. Direba ya aiko cewa ƙarfe takwas zai tashi, da mutum ko ba mutum. Munira na ɗaki mata uku sun taru a kanta suna ɗaura mata ɗankwali, ranar ce kaɗai ba ta leƙa wanka ta hudar labule ba. Kaka ta wanke jarirai a gurguje, ta sa musu rigar kifi, ta naɗe ɗaya a tawul ta ɗora mini a baya, don mai haihuwar fari ba za ta goyi 'yarta ta ratsa gari a gaban suruka ba. Na ɗaure zane, ina tafe ina rausaya har tasha, duk wanda muka haɗu da shi sai na juya masa baya ya ga 'yarmu.

A tasha aka loda kaya, aka cusa mutane. Hajiya a tsakiya, Munira jikin taga, ga 'yan kasuwa, ga wani malami da buzunsa, ga wata mata da kaji a kwando. Na kwance goyo na miƙa ta taga. Munira ta karɓa tana kallon wani wuri kamar yadda ta saba. Direba ya tayar da mota.

Sai yarinya ta yi atishawa. Ɗaya.

Munira ta jira ta biyu. Shiru. Sai yarinyar ta buɗe baki ta tsala kuka, wani kuka mai kauri mai ja. Munira ta san kukan nan sarai, amma ta bango ta saba jinsa, daga ɗakin Mairama.

Ta leƙo ta taga ta ce mini a hankali, "Yaya, ba ita ba ce."

"Munira, don girman Allah kada ki fara a nan."

Mma da ta rako mu ta ce, "Littattafan nan ne. Direba, ja motarka."

Mota ta fara mirginawa. Munira ta saci kallon Hajiya a gefenta. Kwana arba'in tana kallon bango ana yabonta. In ta buɗe baki yanzu, a gaban suruka, a gaban malami, a gaban tasha gaba ɗaya, duk ya zube. In kuma ba gaskiya ba ne, har ta tsufa ana ba da labarinta daga Sokode zuwa Dapaong. In ta yi shiru, kafin la'asar tana can da 'yar mutane a hannu. Mota ta kai bakin ƙofar tasha.

Sai muka ji ihu.

"Direba, tsaya! Wannan ba 'yata ba ce! Ba Ummina ba ce! Ummina atishawa biyu take yi!"

Direba ya taka birki, kaji suka ɗauki nasu ihun, malami ya yi salati. Mma ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce yau an gama da ita a Zango.

Direban ya juyo. "Madam, 'yarki ce ko ba 'yarki ba ce, ni Dapaong zan je."

"Je ka! Ni sauka zan yi."

Hajiya ta miƙa hannu. Ta karɓi yarinyar, ta buɗe tawul ta wajen ƙafa, ta duba wani abu, ta rufe. Sannan ta yi gyaran murya. "A sauke mana kaya."

Direba ya fara cewa ai an riga an ɗaure. Hajiya ta dube shi sau ɗaya, ya hau saman mota da kansa ya kwance igiya.

Muka bar kaya a shagon wani mai shayi, na sake goya yarinya, muka tare zemijan, wato masu babur na haya, huɗu a jere. Jama'a, ku ga Hajiya Mu'minatu a bayan babur! Zaune a karkace, mayafi na tashi kamar tuta, ta riƙe rigar mai babur da yatsa biyu kamar mai ɗauke da abin ƙyama.

Muka tarar da Mairama a tsakar gida tana tsince shinkafa, jaririya kwance a gefenta shiru tana kallon sama.

"A'a, mantuwa kuka yi? Ku zo ku ga ikon Allah, yau Anisa ta yi hankali, tun safe ko uhum ba ta ce ba."

Jaririyar ta yi atishawa. Ta ƙara.

Munira ba ta tsaya sallama ba. Tsalle ɗaya ta sure ta, ta rungume, tana sumbatar kanta tana cewa, "Ummi, Ummina, uwata ta kaina," a gaban Mma, a gaban suruka, a gaban akuya. Mairama ta ƙwala ihu wai an ƙwace mata 'ya. Na yi maza na kwance ta bayana na miƙa mata. Ta duba wannan, ta duba waccan. Lalle ɗaya, zare ɗaya, riga ɗaya, ƙamshi ɗaya. Ta ce, "To wacce ce wacce?"

Aka kira Kaka. Ta fito tana taunar goro. Da aka yi mata bayani, ko a jikinta.

"To mene ne a ciki? Ai ba yau aka fara ba. Sun taɓa cakuɗe mini sau biyu ko uku, ina mayarwa."

"Daidai kike mayarwa, Kaka?" in ji Munira.

"Galibi."

Kowa ya dubi jariran. Yanzu ba maganar yau kaɗai ba ce. Wadda Munira ta yi makonni tana haddacewa a madubi ma, wa ya san ta wace ce? Aka kira Talle a waya, ya zo da gudu daga mahauta da rigar aiki. Ya ce a ba shi su, shi hannunsa sikeli ne. Ya wanke hannu, ya ɗauki ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya ɗaga, ya sauke, ya lumshe ido.

"Wannan ta fi da rabin kilo. Tawa ce, 'yar mai nama."

"Kai, rufe mana baki," in ji Mairama. "Yanzu ta sha nono."

Sai Hajiya ta sake gyaran murya, ta ce a kawo mata kujera. Ta zauna, ta cire takalminta na dama, ta miƙe ƙafa a tsakar gidan surukai. Yatsan da ke bin babba ya hau kan na kusa da shi kamar mai neman goyo.

"Haka na ubana yake, haka na Jabiru yake. A buɗe ƙafafun."

Aka buɗe. Mai kuka mai kauri, yatsunta a jere ras kamar an gwada da zare. Mai atishawa biyu, a ƙafar dama, ga ɗan yatsa ya hau ɗan'uwansa.

Munira ta ce, "Na daɗe da ganinsa. Na ɗauka wani ne ya lanƙwasa mata."

"Ba ki taɓa ganin ƙafar mijinki ba?" in ji Hajiya.

"Kullum tana cikin laka, Hajiya."

Na saki guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Mairama ta rungume Anisa tana kuka tana dariya. Mma kuwa ta durƙusa gaban Hajiya tana ba da haƙuri, wai a yafe wa yarinya rashin kunya, ba haka aka tarbiyyantar da ita ba, boko ne.

Hajiya na mayar da takalmi ta ce, "Bar ta. Da ta ji kunyata, da yanzu ina Bafilo da jikar mahauci a cinya."

"Da kin more, Hajiya," in ji Talle.

Motar azahar suka bi. Wannan karon Munira da kanta ta goyi 'yarta daga gida har tasha, ta tsakiyar Zango, ba wanda ya ce mata uffan. A mota kuma ba ta miƙa ta ga kowa ba, ko da aka tsaya Kara cin abinci da hannu ɗaya ta ci.

Yanzu Ummi wata tara, haƙora biyu, tana rarrafe tana bin zare a ƙarƙashin keken ɗinki. Munira ta koma aikinta, har ta ɗauki mata biyu tana koya musu. Jabiru ne dai har yau in ya tuna ranar da suka iso sai ya girgiza kai. Wai bayan sun wuce Kara Hajiya ta juyo ta tambayi Munira, littafin nan da ya sa ta ihu a tasha, a ƙarshe wa ya sauya jaririn. Munira ta ce na yanzu ba ta kai ƙarshensa ba tukuna, amma tana zargin ungozomar da ke cikinsa. Hajiya ta ce to a kunna. Da mota ta shigo tashar Dapaong da magariba, Jabiru yana tsaye tun la'asar, ya sha sabuwar riga. Ya ruga ya buɗe ƙofa, ya ga uwarsa da matarsa sun haɗa kai, abin sauraro ɗaya a kunnen wannan, ɗaya a kunnen waccan, Ummi na barci a tsakani.

"Sannunku da hanya, Hajiya! Ina 'yar tawa?"

Hajiya ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Dakata. Ungozomar ta fara faɗin gaskiya."